Aibin Da Aka Faɗa Kafin Ciniki

"Ke Raliya! In ba za ki yanka yakuwar nan ba, ba ni wuƙata!"

Raliya ta yi firgigit, wayar da ke kan cinyarta ta kusa faɗawa cikin roba. Gwaggo Asta ce tsaye a kanta riƙe da muciya, tukunyar gwaten acca na ta tafasa a bayanta. Gwaggo ƙanwar babanta ce, ita ta raini Raliya tun rasuwar mahaifiyarta, kuma mace ce da ko kaza ta wuce ta ƙofar ɗakinta sai ta tambayi wa ya aiko ta.

"Yi haƙuri Gwaggo, hankalina ne ya ɗan tafi."

"Ya tafi Abattoir dai! Kin zauna kina gadin waya, shi kuwa gogan naki ko oho. Yaushe rabonsa da gidan nan?"

Maganar Gwaggo gaskiya ce mai ɗaci. Bikinta da Abdurrahim ya matso, har an fitar da anko. Abdurrahim mahauci ne, amma irin na zamani. Teburinsa na Abattoir, babbar mayankar Jos, rabin cinikinsa kuwa a waya yake. Matan unguwar Rayfield da masu gidajen abinci sai su kira shi bidiyo kol, ya haska musu cinya da hanta da ƙirji, su zaɓa, ya auna ya ba mai keke ya kai. A da, duk yamma sai ya biyo da ƙullin balangu na Gwaggo, ya zauna a zaure yana ba Raliya dariya har cikinta ya ƙulle. Yanzu fa? In ya zo sai ya kife waya a kan tabarma, in ta yi ƙara ya zabura. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Namiji in ya fara kife waya, mace ce a ciki," in ji Gwaggo tana juya gwate. "Kuma ba ki ji sabon labari ba. Firijin nan nasa babba na ajiye nama, an ga an ɗora shi a mota. Ya sayar! Ango mai shirin aure zai sayar da abin sana'arsa? Wa ya ba kuɗin?"

"Haba Gwaggo, wataƙila lalacewa ya yi."

"Lalacewa! To wannan ma lalacewa ce? An ce min kullum yana shagon ƙawarki Loyis a Tina Junction, kai a haɗe suna ƙus-ƙus."

Loyis ƙawarta ce tun sakandare, 'yar unguwar Jos Jarawa, tana sayar da caja da iyafis da gilashin waya. A shagonta Raliya ke ajiye cincin ɗin da take soyawa na sayarwa. Kirsimeti a gidan su Loyis take cin shinkafa, Sallah kuma Loyis ke fara cin naman gidansu.

"Loyis ba za ta yi min haka ba."

"Uhm! Makashinka yana gindinka, 'yar nan. Ni dai mutum ɗaya na gani mai son bikin nan tsakani da Allah, wato Madam Firisila. Kwastomar Abdurrahim ce, mai gidan abinci. Ko ganina ba ta taɓa yi ba, amma kullum sai ta gaishe ni a waya — Mama kaza, Mama kaza! Ta ce za ta ɗauki anko ita da duk ma'aikatanta. Shekaranjiya ma na sa an saka ta a gurup ɗin biki."

Raliya ba ta ma mayar da hankali kan wannan ba. Sunan Loyis ne kawai ke yawo a kanta.

Abin da ya fi damunta shi ne babanta. Malam Ɗanbala dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi, kuma duk wanda ya san kara ya san halinsa. Bai taɓa sayar da sa ya ɓoye aibinsa ba. In yana ɗingishi zai ce yana ɗingishi, in ya taɓa tari zai faɗa, mai saye ya ji ya gani ya zaɓa. Amma wanda ya kawo masa dabba ya ɓoye mata ciwo, to shi da Malam Ɗanbala sun gama ciniki har abada, ko da sarkin pawa ne ya zo roƙo. Irin wannan mutumin in ya ji surukinsa na da wata ɓoyayyiya, ai aure ya mutu tun kafin a ɗaura.

Washegari da hantsi ana yayyafi, Raliya ta cika bokiti da cincin ta hau keke zuwa Tina Junction. Ba ta kira Loyis ta ce tana tafe ba, kamar yadda ta saba. Ta sauka nesa kaɗan, ta ratsa ta tsakanin masu tumatir da masu dankali, ta leƙa.

Ai kuwa! Ga Abdurrahim zaune a benci cikin shago, ya dafe kai da hannu biyu. Ga Loyis a tsaye kusa da shi, wayarsa a hannunta tana ta latsawa. Wayar da Raliya ko taɓa ta ba ta isa ta yi ba!

Ta dire bokitin da ƙarfi har murfin ya faɗi.

"Sannunku da aiki!"

Abdurrahim ya miƙe zumbur. "Raliya — me ya kawo ki?"

"Me ya kawo ni? Au, sai na nemi izini kafin in zo shagon ƙawata? Loyis, ke ce? Ke da muka ci a kwano ɗaya?" Hawaye suka zubo mata. "Da ma an faɗa min na ƙaryata. Ashe ni ce sakarya!"

Loyis ta juya wajen Abdurrahim, ranta a ɓace.

"Ka gani ko, Oga Abdul? Abin da na ce maka ke nan! Abeg ka faɗa mata yanzu-yanzu, in ba haka ba ni zan faɗa. Ba zan rasa ƙawata saboda sirrinka ba."

"Loyis, ki rufa min asiri—"

"Rufin asirin ne ya cinye maka firiji!"

Ta ja labulen ƙofar shago, ta tura wa Raliya kujera. Abdurrahim ya koma ya zauna, bai iya ɗaga ido ba. Da ƙyar maganar ta fito.

Wata ce ta fara yi masa magana a Facebook, ta ce sunanta Firisila, tana da gidan abinci, tana neman mahauci mai amana da zai riƙa ba ta nama kullum. Ta karɓi lambarsa. Nama dai ba ta taɓa saye ba, kullum sai ta ce sati mai zuwa. Amma hira kam ba ta fashi. Ta yabi muryarsa, ta yabi tsabtarsa, ta ce ba ta taɓa ganin namiji mai kirki irinsa ba. Ta ce ta san zai yi aure, ita ba ta damu ba, tana son sa haka nan.

"Kai kuma ka ji daɗi," in ji Raliya a sanyaye.

"Na ji daɗi," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Na ce ai hira ce kawai, ba ganinta nake ba."

Rannan bayan ya tashi daga kasuwa ta kira shi bidiyo kol. Shi da ya saba amsa bidiyo kol ɗin kwastomomi, bai kawo komai a ransa ba. Sai ya ga mace a fuskar waya tana abin da bai dace ba, ana rubuto masa cewa shi ma ya yi.

"Shaiɗan ya hau kaina, Raliya. Na yi abin da ba zan iya maimaita shi a gabanki ba. Ko minti nawa ba a yi ba aka kashe. Sai ga bidiyona an turo min, fuskata tar! Sai wani ƙato ya kira ni, muryar namiji, ya ce in ban turo kuɗi ba zai watsa wa kwastomomina da ke da Baba."

Raliya ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Kunya da haushi da tausayi suka taru suka rufe ta.

"Ka tura?"

"Na tura. Ya rantse zai goge. Bayan kwana biyu ya dawo. Na sake turawa, ya sake dawowa. Shi ne na sayar da firiji."

"Shi ya sa ya zo wajena," in ji Loyis. "Wai in goge masa komai da komai a wayan, in canja masa layi. Na ce sam! Wannan hira da lamban akawun da ya tura kuɗi, su ne shaida. Skirinshot nake yi kika shigo. Raliya, kin tuna yayana Rwang? Lokacin da ya bar koyarwa ya gudu ƙauye muka ce muku ciwo ne? Ba ciwo ba ne, wannan abin ne. Ya biya, ya biya, har ya sayar da filin da Baba ya bar masa. Rana ɗaya Mama ta same shi da kwalban maganin ƙwari a hannu. Allah ne ya sa ta shiga ɗakin. Da muka kai ƙara aka ce mana babu wata mace, bidiyon matan ma na sata ne suke kunnawa. Gungun 'yan damfara ne, mutum ɗari suke yi wa a lokaci ɗaya. Wanda ya biya, shi suke riƙewa."

"To in bai biya ba fa?" in ji Raliya.

"Wani lokaci su watsa, yawanci su wuce wajen wani. Amma biya ba ya sa su goge, wannan kam na gani da idona. Tsoro suke sayarwa. In mutanenka sun riga sun sani, me za su sayar?"

Wayar ta yi ƙara a hannun Loyis. Su uku suka zuba mata ido. Saƙo ne: in kuɗi bai shigo kafin magariba ba, bidiyo zai faɗa gurup ɗin biki. A ƙasa an jero sunan Malam Ɗanbala, da na Gwaggo Asta, har da launin anko.

"Wa ke ba shi labarin gidanmu?" Raliya ta ce, tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Zargin bai gama barin zuciyarta ba. Sai kuma ta dafe ƙirji. "Tsaya! Me ka ce sunanta?"

"Firisila."

"Innalillahi! Madam Firisila mai anko! Kai ka ba ta lambar Gwaggo?"

"Tun farko ne... ta ce tana son anko."

Raliya ta yi maza ta buɗe gurup ɗin biki. Ga lambar nan zaune tsakanin 'yan uwa da abokan arziki, da hoton wata kyakkyawa mai murmushi. Ta miƙa wa Loyis ta ɗauki skirinshot, sannan ta cire lambar ta kulle gurup, ba mai tura saƙo sai ita.

"Yanzu ka yi rifot ɗin akawun ɗin nata na Facebook, ka yi bulokin," in ji Loyis. "Kada ka amsa, kada ka roƙa, kada ka zage shi. Gobe da safe in raka ka wajen 'yan sanda masu kula da laifin intanet, na san ofishin."

Raliya ta share hawaye da bakin mayafi, ta miƙe.

"Kafin gobe akwai yau. Tashi mu je wajen Baba."

"Baba?" Abdurrahim ya zaro ido. "Raliya, gara a yanka ni! Da wane bakin zan faɗa masa?"

"Da bakin da ka yi hira da Firisila. Ka san Baba sarai. Sa mai ɗingishi ya sha sayarwa, amma wanda ya ɓoye masa ɗingishin bai sake shiga rumfarsa ba. In ya ji a bakinka, wataƙila. In ya ji a waya, ka manta da ni." Ta juya ta kama hannun Loyis. "Ke kuma ki yafe min. Na zarge ki a banza."

"Je ki, ba komai. Amma cincin ɗin yau nawa ne, kyauta!"

Bayan la'asar Malam Ɗanbala na zaune a zaure kan buzu, sandarsa ta kara a gefe, yana shan shayi saboda sanyin ruwan da aka yini ana yi. Abdurrahim ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa. Raliya ta laɓe a bayan ƙyaure.

"Baba, na zo ne in faɗa muku wani aibi nawa, kafin ku ji a wani wuri."

Malam Ɗanbala ya ajiye kofi. "Ina jin ka."

Ya faɗa. Bai rage komai ba, bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya faɗi hirar, ya faɗi kiran, ya faɗi kuɗi da firiji. Yana magana yana kuka, ƙaton saurayi mai kayar da sa shi kaɗai. Malam Ɗanbala bai katse shi ba, fuskarsa kuwa ba ka iya karanta komai a kanta.

Yana rufe baki sai ga ihu daga cikin gida.

"Yaya! Yaya! Na shiga uku! Zo ka ga abin da Madam Firisila ta turo min!"

Gwaggo Asta ta faɗo zauren ɗankwali a hannu, waya a sama. Tana ganin Abdurrahim ta ƙara ƙaimi.

"Au, kana nan ma, ɗan iska! Ban faɗa ba? Ban faɗa ba? Wallahi yanzu zan tura wa dangi kaf, kowa ya ga irin mijin da za a ba 'yarmu!"

Raliya ta fito da gudu ta riƙe hannunta. "Gwaggo, don girman Allah kar ki tura!"

"Asta," in ji Malam Ɗanbala, bai ko ɗaga murya ba. "Ba ni wayar nan."

"Yaya, ka kalla ka gani—"

"Ba zan kalla ba. An riga an faɗa min." Ya karɓa ya kife ta a kan buzu. "Ɓarawo ya ba ki kayan sata ki raba masa, ke kuma har kin ɗaura ɗamara? In kin tura, aikin wa kika yi? Ita wannan Madam ɗin taki, kin taɓa ganin ta?"

"A'a... amma kullum tana gaishe ni."

"Wa ya faɗa mata sunana?"

Raliya ta yi wa Gwaggo bayani a taƙaice: babu Madam, babu gidan abinci, babu mai sayen anko. Ƙato ne ke kiran ta Mama. Gwaggo ta zame ta zauna a ƙasa tana salati. Matar da ta zargi ƙawa, ta zargi maƙwabta, ta zargi mai keke, ashe ita ta buɗe wa ɓarawo ƙofa har da shimfiɗa masa tabarma!

Malam Ɗanbala ya juya wajen Abdurrahim.

"Abin da ka yi saɓon Allah ne, kuma cin amanar yarinyar nan ne. Wannan tsakaninka da Ubangijinka, ka tuba. Abin da aka yi maka kuma zalunci ne, kuma ba za ka ƙara ba su ko sisi ba. Gobe da ni za a je wajen hukuma, har da wayar Asta. Da a wayar nan na fara jin labarin, da yanzu kayan lefenka na ƙofar gida. Amma ka zo da ƙafarka ka faɗa da bakinka." Ya ɗauki kofinsa. "Sai dai a kara, in an faɗi aibi, ba dillali ke yanke magana ba. Mai saye ke yankewa. Raliya, ga ki ga shi."

Raliya ta dubi mutumin da ke durƙushe. Haushinsa na nan daram a ranta, son sa ma bai je ko'ina ba.

"Baba, na ji aibin, na kuma ga ɗingishin da idona." "Na saya. Amma ba yanzu za a kawo shi gida ba, sai ya warke tukuna."

Abdurrahim ya kifa goshi a ƙasa yana shessheƙa. Malam Ɗanbala ya kau da kai wai yana gyara hula, amma Raliya ta ga ya goge ido.

Aka ɗaga biki zuwa bayan damina. Aka kai ƙara, aka rufe akawun ɗin da ya tura kuɗin. Kuɗin dai ba su dawo ba, mutanen ma ba a ji an kama su ba. Sun tura bidiyon wa wasu kwastomomi biyu uku, Abdurrahim ya sha kallo a Abattoir na ɗan lokaci, wasu suka daina saye a wajensa. Ya haƙura ya ci gaba da fitowa kasuwa kullum. Abin mamaki, sai ga samarin mahauta suna zuwa masa a ɓoye ɗaya bayan ɗaya: "Oga, ni ma fa wata ta fara min irin wannan maganar." Sai ya ce su nuna masa, ya raka su shagon Loyis.

Raliya kuwa ta gwada shi son ranta. Watanni yana zuwa zance tana ba shi amsa da e da a'a. Bai gaji ba. Da ya zo sai ya ajiye wayar a tsakiyar tabarma, fuskarta sama, ta yi ƙara ya amsa a gabanta.

Ranar biki Loyis ce babbar ƙawa, ta sha anko har da gwaggwaro, Rwang kuma shi ya tuƙa motar amarya. Gwaggo Asta ta rungume Loyis a gaban jama'a tana neman gafara, ko da yake har yau in baƙuwar lamba ta ce mata "Mama", sai ta kashe wayar gaba ɗaya ta tura ƙarƙashin filo.

To 'yan uwana samari da 'yan mata, kun dai ji. Wanda bai taɓa ganin ku ba ya fara zuba muku zuma a waya, ku tambayi kanku me yake nema. Ku ji tsoron Allah a inda kuke ganin ba mai ganin ku, kada ku buɗe wa baƙo kamara. In kuwa ƙaddara ta riga fata, kada ku biya, kada ku goge shaida, kada ku kulle kanku a ɗaki ku ce mutuwa ta fi. Ku faɗa wa naku, ku kai ƙara. Wanda kuma aka turo masa sirrin wani, ya rufa, Allah zai rufa nasa. Kunyar da Abdurrahim ya yi ta gudu har ta cinye masa jari, durƙuso ɗaya a zaure ya kashe ta. Da ya yi wannan durƙuson tun ranar farko, da firijinsa na nan, da Raliya ba ta zubar da hawayen da ta zubar ba.